Tarihin Fataucin Keke Tsakanin Jimeta da Kasuwannin Ƙauye

 

'Yan'uwa masu karatu, abin da ya ja hankalinmu ga wannan rubutu shi ne, kwanakin baya muna gyaran wani tsohon ɗakin ajiya a gidanmu sai muka ci karo da keken marigayi mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, jingine a bayan buhuna. Tayoyinsa sun ruɓe, sirdi ya tsage, amma ƙarfen nan yana nan daram. Wani daga cikin samarin gidan ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Baba, a kai wa 'yan gwangwan mana, me za a yi da wannan?" Wallahi maganar ta tsaya mana a rai, domin yaron bai san cewa da wannan ƙarfe aka gina ɗakin da yake kwana a ciki ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta ɗan abin da muka gani da idonmu, da wanda muka ji daga bakin dattawanmu, game da zamanin da iyayenmu suke cin kasuwannin ƙauyukan Adamawa a bisa keke.

Yadda Muka Zo Ƙasar Nan

Kafin a zo maganar keke, ya kamata a san cewa Bahaushe ba jiya ya fara bin hanyoyin Fombina ba. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya fara zama a Gurin, daga nan ya koma Ribadu, sa'an nan ya kafa Yola a shekarar 1841. Tun a wancan zamani ayarin fatake daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi suke shigowa da tufafi da kanwa da kayan ƙira, su wuce har Ngaundare da Banyo da Tibati, su komo da hauren giwa, da kuma bayi, abin da ba ma alfahari da shi amma tarihi bai yarda a ɓoye ba. Baturen nan Barth ya iso Yola a 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, kuma ya tarar da hanyar fatauci a buɗe tsakanin ƙasar nan da ƙasar Hausa.

Da Turawan Ingila suka ci Yola da yaƙi a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, sai harkar ciniki ta ƙara karkata zuwa bakin kogin Binuwai. A nan Jimeta ta bunƙasa. Da damina, idan kogi ya kawo, jiragen ruwa na kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suna hawowa daga kudu da gishiri da atamfa da kananzir da kwanon rufi, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Kakanninmu suka zauna kusa da kantunan nan, wasu dillalai, wasu mahauta, wasu maɗinka, wasu malamai. Duk wanda ya saurari sunayen unguwanni irin su Limawa da Alƙalawa da Gwadabawa da Yelwa, ya san harshen da aka raɗa su da shi.

To amma kanti yana bakin kogi, mai saye kuwa yana can ƙauye. Wani ne zai ɗauki kayan ya kai masa. Da farko a ka ake ɗauka, ko a jaki. Mai jaki in zai ci kasuwa mai nisa sai ya kwana a hanya, wani lokaci kwana biyu, kafin ya juyo.

Shigowar Dokin Ƙarfe

Keke ya shigo hannun mutanenmu ta kantunan kamfanonin nan. Wanda ya fi suna shi ne Raleigh, da muke kira Rali, ƙirar birnin Nottingham na Ingila, sai Hercules. Daga baya aka riƙa haɗa Rali a Kano, sa'an nan Phoenix na ƙasar Sin da kekunan Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi. Dattawa suna ce masa basukur, Fulanin ƙasar nan kuma suna cewa baskur. Da farko abin hawan ma'aikatan En'e ne da malaman makaranta da masu unguwanni, har lasin ake yanka masa, a ɗaura ɗan ƙarfen shaida a jikinsa. Amma ɗan kasuwa bai daɗe ba ya gane cewa abin nan ba na ado ba ne kurum. Tafiyar da jaki yake yi a yini biyu, keke yana yin ta tsakanin asuba da hantsi, kuma ba ya neman dusa.

Keken fatauci daban yake da na yawo. Akan kai shi wurin maƙeri ya ƙara wa kariya ƙarfe, a sa masa sifok masu kauri a ƙafar baya, a yanko tsohon tub na mota a yi robar ɗaure kaya. A ƙarƙashin sirdi akwai 'yar jaka mai ɗauke da sifana da sholisho da guntun roba na faci. Famfo kuwa ba a rabuwa da shi. Duk wanda ya fita ba famfo, dattawa sukan ce bai yi niyyar dawowa da wuri ba. A kan keken akan rataya buta da ɗan buzun salla ko tabarma.

Kayan da ake ɗauka su ne gishiri, kanwa, goro, sabulu, ashana, sukari, allura da zare, madubi, turare, tocila da batir, yadi da 'yan turamen atamfa. A dawowa kuma a ɗauro gyaɗa, wake, riɗi, man shanu a kwalba, zuma, ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi, kaji a akurki, bandar kifi, da fatun awaki. Riba biyu ke nan, ta zuwa da ta dawowa.

Hanyoyin da Ake Bi

Kowace kasuwa da ranarta, saboda haka mai keke yakan tsara makonsa ya zagaye su ɗaya bayan ɗaya, ya bar Juma'a don masallaci da wanki da gyaran keke. Hanyoyin manya guda huɗu ne.

Ta farko ita ce ta arewa, wadda sai an haye Binuwai. Kafin a gina gadar Jimeta, a kwalekwale ake sa keke da kaya, ko a jira fito. Idan an haye, ga dutsen Bagale a gefe, a nufi Girei, a wuce Jabbi Lamba, masu ƙarfin gwiwa su kai har Song, wasu kuma su ratse gabas zuwa Malabu. Ta biyu ita ce ta gabas, a bi ta cikin garin Yola a nufi Fufore da Ribadu, har Gurin a bakin kogin Faro, inda ake hango ƙasar Kamaru. Ta uku ta yamma, a bi Namtari da Ngurore, daga nan hanya ta rabu: ko a miƙe Demsa da Numan, inda Gongola ta haɗu da Binuwai, ko a karya kudu zuwa Mayo Belwa. Daga Mayo Belwa akwai masu zarcewa Jada da Ganye, waɗanda suke ƙarƙashin riƙon amana har sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zaɓi Nijeriya. Wannan tafiya ta kwana ce. Ta huɗu ita ce ta gindin duwatsun Verre, kudu da Yola, inda ake samo fartanya da kayan tagulla na maƙeran ƙasar.

Ba a fita mutum ɗaya. Akan taru mutum biyar, ko bakwai, ko goma, a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, babba a gaba, yara a tsakiya, wanda ya iya gyara a baya, domin duk wanda tayarsa ta sace ya same shi. Wannan tsari gadon ayari ne, keke kawai aka sauya da jaki. Har madugu ake ce wa na gaban, rabi wasa rabi gaske.

Kowane lokaci da wahalarsa. Da bazara zafin kwarin Binuwai ba sai an faɗa wa mutumin Jimeta ba, a watan Maris da Afrilu ƙarfen keke kansa ƙuna yake yi. Akwai yashin mayo, wato busasshen rafi, inda dole a sauka a tura keke da kaya har gumi ya jiƙe riga. Da damina kuma rafin nan da ka tura keke a cikinsa da safe, kana iya dawowa da yamma ka tarar ya cika ya batse, sai ka zauna jira ko ka saɓa keke a kafaɗa. Baƙar ƙasar fadama, inda ake dasa masakwa, in ta jiƙe takan cushe tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi, sai an sa tsinke an ƙwaƙule. Da hunturu ga ƙaya, ga hazo.

A shekarar 1972, da aka koma tuƙi ta hannun dama, dattawanmu sun sha ba mu labarin yadda aka yi makonni ana karo da juna a kwanar hanya, kowa yana rantsuwa shi ne a kan daidai. Shekara ɗaya bayan haka, a 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kuma masu keke ne suka zauna a gindin bishiya suna fahimtar da tsofaffin ƙauye lissafin sabon kuɗi. Wanda ya yi gaskiya a wannan lokaci ya sami abokan ciniki na har abada. Wanda ya cuci mutane kuwa, an gane shi daga baya, kasuwar ta gagare shi.

Abincin Rana a Kasuwa

Mu da muka fara bin iyayenmu muna yara, a farkon shekarun 1980, lokacin hutun makaranta, ba za mu ɓoye muku ba, abin da ya fi ja mana rai shi ne abincin rana. Idan rana ta take, ciniki ya ɗan lafa, sai a bar yaro guda yana gadin kaya, a jingine kekuna a gindin tsamiya ko ɗorawa, a yi alwala a yi azahar. Bayan nan sai a baje.

Matan Fulani suna zaune a jere da ƙorai fes, ga kindirmo, ga nono mai tsami, ga fura, ga dakkere. A nan muka fara koyon Fulatanci, domin in ba ka iya cewa "Jam na?" ba, ka tambayi kuɗi da "Noy?", ka yi godiya da "Useko", to ludayinka ba zai cika ba. A kasuwannin bakin kogi, wajen Bata da Bachama da Mbula, kifi ne sarki, ɗanye da gasasshe da banda. A ko'ina kuma akwai kunun gyaɗa, wanda duk Arewa ta san ba a kai mutanen Adamawa iya dama shi ba. Akwai rogo da ƙuli, dafaffen dankali, ƙosai, waina, da tuwon dawa miyar kuka ko ta yakuwa a rumfar wata tsohuwa. Mahautan kasuwar galibi mutanenmu ne da suka zauna can, su ne masu tsire da balangu, kuma a wurinsu ake jin labarin gari: wane ne ya rasu, wane ne ya aurar da 'ya, gonar wa ruwa ya ci.

Ba kowa yake cin nasa shi kaɗai ba. Ana haɗa kuɗi a saya a zuba a faranti ɗaya, kuma duk wanda ya zo wucewa sai an ce masa bisimilla, ko wane yare ne, ko wane addini. Haka su ma in sun ga baƙo ya sauka, sai ka ga an aiko yaro da ƙwaryar ruwa ko ɗanyar gyaɗa. A wannan zama na gindin bishiya ake ƙulla abin da ya fi ciniki. Manomi zai karɓi turmin atamfa da gishiri da damina, lokacin da ba shi da ko kwabo, a kan zai biya da gyaɗa in kaka ta yi. Babu takarda, babu sa hannu. Mahaifinmu yana da ɗan littafi da yake rubuta bashi da ajami, amma sau da yawa mai bashin ne yake tuna masa. Kowane mai keke yana da maigida a kowace kasuwa, inda zai ajiye ragowar kaya, ya kwana in dare ya yi masa ko ruwa ya tsare shi. In shi ma maigidan ya shigo Jimeta, ko asibiti, ko kotu, ko sayen kayan aure, zaurenmu ne masaukinsa.

Ranar da Hanyar ta Yi Mana Rana

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mun ga gaskiyar wannan a ƙarshen watan Fabrairu na 1984, lokacin da rikicin 'yan Tatsine ya ɓarke a Jimeta. Waɗanda suka rayu a lokacin ba sa bukatar a tuna musu. An kashe ɗaruruwan mutane, babbar kasuwa ta ƙone, dubbai suka bar gidajensu. Mota ba ta samuwa ko da kuɗinka. Mahaifinmu ya ɗora mahaifiyarmu da jaririya a kariyar keken nan da muka ambata, mu kuma manya muka bi a ƙasa da 'yan ƙullin kaya, ya bi da mu ta wata ɓarauniyar hanya da ba wanda ya sani sai masu cin kasuwa, har wani ƙauye da yake zuwa duk mako.

Maigidansa a ƙauyen ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne. Da ya hango mu ya taso da gudu, ya karɓi keken, ya ce, "Alhaji, ka iso gida." Ya fitar da 'ya'yansa daga ɗaki ya ba mu, ya sa aka ware mana tukunya sabuwa, ya kawo akuya ya ce mahaifinmu ya yanka da hannunsa yadda addininmu ya ce. Muka zauna har ƙura ta lafa. Da muka dawo muka tarar rumfarmu ta zama toka. Jarin da aka sake tashi da shi, wallahi, bashin da mutanen ƙauyuka suka riƙa kawowa ne da kansu, wani gyaɗa, wani kaza, wani 'yan kuɗi a ƙulle a tsumma, alhali littafin bashin ya ƙone tare da rumfar. Mun san gidaje da dama a garin nan da suke da irin wannan labari.

Yadda Abin Ya Ja Baya

Abubuwa da yawa ne suka taru. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya cika gari da babura. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama hedikwata, aka shiga shimfiɗa kwalta, akori-kura da bas suka fara kai mutane kasuwa da dawo da su a yini guda. Gada ta kashe fito. An gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, jiragen kaya kuma suka daina hawowa, tashar ruwa ta mutu, kaya suka koma zuwa a tirela daga Kano da Anacha. Matsin tattalin arziki na 1986 ya ɗan mayar da wasu kan keke, amma kayan gyara sun yi tsada. Bayan an raba Gongola a 1991 aka sami Jihar Adamawa, sai baburan acaɓa suka mamaye ko'ina, daga baya kuma masu arha na ƙasar Sin da Indiya suka shiga har ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Ba mu ce ci gaba laifi ba ne. Ba wanda yake son komawa tura keke a yashi. Amma a lura da abin da ya salwanta. Mai mota yana isa kasuwa ya sauke, ya sayar, direba yana danna masa oda, ya hau ya tafi. Bai zauna gindin bishiya ba, bai ci abinci da kowa ba, bai san sunan kowa ba. Yau a cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Jimeta, nawa ne suke jin Fulatanci sosai, balle Bata ko Verre ko Chamba? Nawa ne suke da gidan da za su ƙwanƙwasa a Malabu ko Mayo Belwa in dare ya yi musu? Mun ga tashin hankalin da ya koro mutanen Mubi zuwa garin nan a 2014, mun ga bama-baman da suka tashi a Jimeta a 2015, mun ga rikicin ƙasar Numan na 2017. A irin waɗannan ranaku, wanda ya san ka tun kana yaro shi ne yake ɓoye ka, wanda bai san ka ba kuwa baƙo kawai yake gani.

Shawara ga Ƙungiya

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mun ga keke yana sake fitowa a titunanmu, masu faci sun sami aiki, har wasu samari suna haɗuwa su yi tafiyar motsa jiki zuwa bayan gari. To ga shawarwari uku muna miƙa wa shugabanninmu.

Na farko, dattawan da suka yi wannan fatauci saura kaɗan. A naɗa matasa biyu ko uku su bi su gida-gida da rikoda ko waya, a ɗauki bayanin hanyoyi da masaukai da sunayen iyayen gidansu na ƙauye, a adana a ofishin ƙungiya.

Na biyu, duk gidan da ya san mahaifinsa yana da maigida a wani ƙauye, ya nemi 'ya'yan mutumin nan. In akwai bashi ko ajiya da ta rage a tsakani, a sauke, domin hakki ba ya tsufa, kuma mamaci yana jiran a sauke masa.

Na uku, ko sau ɗaya a shekara, da hunturu, bayan an tuntuɓi hukuma da masu gari an tabbatar da lafiyar hanya, a shirya wa samarinmu tafiyar keke zuwa ɗaya daga cikin kasuwannin kusa, kamar Girei ko Ngurore ko Fufore, tare da dattijo guda a matsayin madugu. Su gai da mai gari, su yi azahar a can, su sayi fura da kuɗinsu, su zauna su ci tare da mutane. Zumunta a ƙafa take.

Keken mahaifinmu dai ba mu ba 'yan gwangwan ba. Mun kai shi wurin mai gyara, an sa masa taya da sarƙa da sirdi, kuma yaron nan da ya yi dariya shi ne yake hawansa zuwa Islamiyya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa waɗanda suka sauke su da alheri, Ya zaunar da Jihar Adamawa da ƙasarmu lafiya. Inda muka yi kuskure, dattawa su gyara mana a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum wa rahamatullah.